IN KUNNE YA JI, JIKI YA TSIRA

A daren ran 4 ga watan Disamba, 2013, wani babban jirgin sama mai ɗaukar kaya, samfurin Boeing 747, ya taso daga Jidda ya nufo filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja. Jirgin na wani kamfani ne mai suna Veteran Avia, mai rajista a ƙasar Armeniya, amma jigilar kaya yake yi wa kamfanin jiragen saman Saudiyya. Matuƙansa sun san tsawon titin saukar jirage na Abuja mita 3,610 ne, gama haka yake a rubuce cikin takardunsu. Abin da ba su sani ba shi ne, a kwanakin nan ana gyaran ƙarshen titin, an datse wajen mita 1,100, abin da ya rage musu bai wuce mita 2,500 ba. Jirgi ya sauka lafiya, ya miƙa da gudu kamar yadda ya saba, bai tsaya ba sai da ya faɗa wurin da ake aiki, ya bangaji injunan gyaran titi. Ya lalace ƙwarai. Allah ya kiyaye ba a yi hasarar rai ba, amma an rufe filin sa'o'i da dama, matafiya suka yi ta zaman jira a Abuja da Ikko da sauran garuruwa.

Hukumar binciken haɗarin jiragen sama ta ƙasa, wadda a lokacin ake kira AIB, yau kuwa NSIB, ta bi diddigin al'amarin ta fitar da rahoto. Dalilin da ta kafa a kan gaba ba lalacewar inji ba ne, ba kuwa hadari ko hazo ba. Dalilin shi ne labarin rage tsawon titi bai isa ga matuƙan ba. Sa'an nan ta lissafa abubuwan da suka taimaka. Jami'in kamfani mai shirya takardun tafiya a Jidda bai yi musu bayani ba kafin su tashi. Muryar nan da ake naɗawa a filin Abuja, wadda ke maimaita labarin iska da halin titi ga kowane jirgi mai zuwa, ba ta ambaci gyaran ba. Maganar da aka yi tsakanin hasumiya da matuƙan sa'ad da jirgin ya kusa taɓa ƙasa ba ta yi amfani ba, ba a fahimci juna ba. Alamun da ke kan titi ba su nuna inda aka datse ba. Daɗin daɗawa, fitilun titin duka a kunne suke, har da na sashen da aka rufe, watau idon matuƙi ma an nuna masa hanya a inda babu hanya.

Ƙofa biyar ke nan labari guda ɗaya ya kamata ya bi ya kai ga mutanen da ke cikin jirgin, dukansu kuwa aka same su a rufe. Da ɗaya tak ta buɗe, da matuƙin ya taka birki da wuri, ko ya fasa sauka ya sake kewayowa. Wanda ya dubi wannan lissafi da idon basira zai ga cewa da jirgin alhazai ne ya sauka a daren nan a maimakon jirgin kaya, da labarin da ake bayarwa yau ya sha bamban.

Mai karatu da ke zaune a Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Anacha, ko Fatakwal, zai iya cewa wannan magana ta manya ce, shi da gida sai motar dare. Amma fa zamani ya canja. Tun da tsaron hanyoyi ya taɓarɓare, mutane da yawa da ba su taɓa tunanin hawa jirgi ba sun koma tara kuɗin tikiti, ko don a kai tsoho asibiti, ko don a riski jana'iza, ko don a cim ma wani ciniki kafin kasuwa ta juya. Da yawa daga cikin waɗannan tafiye-tafiye ta Abuja suke bi. Ta nan maniyyata da yawa ke tashi zuwa ƙasa mai tsarki, ta nan 'yan makaranta ke dawowa. Wanda bai hau ba, ɗan'uwansa ya hau. Saboda haka abin da ke gudana tsakanin hasumiya da matuƙi a filin Abuja ya shafi kowane gida na 'yan Arewa mazauna Kudu.

Yana da kyau a san yadda aikin yake. Jirgin sama ba ya motsi a fili sai da izini. Jami'an da ke zaune a hasumiya ma'aikatan hukumar NAMA ne, wadda aka kafa a 1999 don kula da sararin samaniyar ƙasa. Titi da fitilu da shinge da motocin kashe gobara suna hannun hukumar FAAN. Labarin iska da ruwa da hazo daga hukumar NiMet yake fitowa. Hukumar NCAA ita ce mai ba da lasin da sa ido a kan kowa. Kamfanin jirgi kuwa shi ke da alhakin sanar da matuƙansa duk wata sanarwa da aka fitar game da filin da za su, irin wadda ma'aikatan jirage ke kira NOTAM. Hannu biyar ke nan a kan akushi ɗaya, abin da ya haɗa su kuwa magana ce kawai, ta rediyo ko ta takarda. Ƙa'idar maganar rediyon a bayyane take: jami'i ya ba da umarni da kalmomin da aka tsara, matuƙi ya maimaita abin da ya ji, jami'i ya saurari maimaicin, in da kuskure ya gyara nan take. Igiya ce mai tufka uku, in ɗaya ta tsinke sauran ba su riƙe nauyi.

Duniya ba ta koyi wannan ƙa'ida a banza ba, da rayuka aka saye ta. Ran 27 ga watan Maris, 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirage biyu samfurin Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka, suka yi karo a kan titi cikin hazo mai kauri, mutum 583 suka hallaka. Har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamar wannan ba. Matuƙin KLM ya ɗauka an ba shi izinin tashi, alhali hanyar da zai bi bayan ya tashi kawai aka karanta masa. Jami'in hasumiya ya ce masa ya dakata a kira shi, a daidai lokacin matuƙan Pan Am su ma suka yi magana cewa har yanzu suna kan titi. Muryoyin biyu suka haɗu a rediyo, abin da ya isa kunnen KLM sai ƙara. Injiniyan jirgin ya yi shakka, ya tambaya ko na Amurka ya fita daga titi, babban matuƙi ya amsa masa da ƙarfi cewa ya fita, ba wanda ya sake tanka masa. Bayan wannan musiba ne aka taƙaita kalmar tashi, ba a furta ta sai wajen ba da izinin tashi ko soke shi, aka kuma shiga koya wa ƙananan matuƙa su buɗe baki su faɗi abin da suka gani ko da a gaban wanda ya girme su ne.

Kada a ce wannan tsohon labari ne. Ran 2 ga watan Janairu, 2024, a filin Haneda na birnin Tokiyo, ƙasar da ba a yi mata gori wajen kayan aiki, an umurci wani ƙaramin jirgin masu tsaron gaɓar teku ya je bakin titi ya tsaya, aka kuma shaida masa shi ne na farko a layi. Matuƙin ya ɗauka izinin shiga ne, ya hau titi, jirgin fasinja na kamfanin Japan Airlines da ke sauka ya auka masa. Mutum 379 da ke cikin babban jirgin duk an fitar da su da rai kafin wuta ta cinye shi, amma biyar daga cikin shida na ƙaramin jirgin sun mutu.

Nijeriya ma ta biya nata kuɗin makaranta. Ran 7 ga watan Nuwamba, 1996, jirgin kamfanin ADC samfurin Boeing 727 ya taso daga Fatakwal zuwa Ikko. Aka sami ruɗani wajen raba shi da wani jirgin da ke fitowa daga Ikko, har suka fuskanci juna. Na'urar gargaɗi ta yi ƙara, matuƙi ya karkata da ƙarfi don ya kauce, jirgi ya ƙwace masa ya faɗa cikin ruwa kusa da Ejirin. Mutum 144 suka rasu, cikinsu har da shahararren masanin nan Farfesa Claude Ake. Masu bincike sun ɗora dalili na kusa a kan yadda jami'in na'urar hango jirage ya tsara rabuwar jiragen biyu.

Bayan shekara goma, ran Lahadi 29 ga watan Oktoba, 2006, sai ga ranar da Arewa ba za ta manta ba. Jirgin ADC samfurin Boeing 737 ya taso daga Ikko, ya ya da zango a Abuja, zai wuce Sakkwato. Hadari ya taso. Hasumiya ta ba da labarin iska tana ƙaruwa, matuƙin wani jirgin da ke jiran tashi ya ce shi kam zai dakata sai ta lafa. Na ADC ya tashi. Bai yi nisa ba iska mai juyawa ta danne shi, ya faɗi a gonakin Tungar Madaki. Mutum 96 daga cikin 105 suka riga mu gidan gaskiya, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, da ɗansa Sanata Badamasi Maccido, da Sanata Sule Yari Gandi, da Mataimakin Gwamnan Jihar Sakkwato Alhaji Garba Muhammad. Allah ya jiƙansu da rahama. Rahoton bincike ya kama shawarar tashi cikin mugun yanayin da aka riga aka sani, da rashin bin hanyar da ta dace wajen fita daga irin wannan iska, da gibin horo a kamfanin. Bisa ƙa'ida, hasumiya labari take bayarwa, shawarar tashi ko zama tana hannun matuƙi. A nan kunne ya ji sautin magana, amma bai ji nauyinta ba.

Ko a ran 26 ga watan Nuwamba, 2023, fasinjojin wani jirgin kamfanin United Nigeria da suka shiga a Ikko da tikitin Abuja sun sauka sun tarar da kansu a Asaba. Kamfanin ya ce yanayin sama ne ya sa aka karkata. Ministan sufurin jiragen sama, Festus Keyamo, ya musanta haka, ya ce bayanan hasumiya sun nuna tun daga Ikko Asaba matuƙin ya nufa, jirgin kuwa na haya ne, ma'aikatansa baƙi ne. Mutane sun mai da abin raha, amma ba abin dariya ba ne. Kuskuren da ya kai jirgi garin da ba nasa ba, irinsa ne ke kai shi titin da ba nasa ba.

Akwai dalilin da ya sa wannan matsala ta fi tsanani a Abuja. An gina filin a farkon shekarun 1980 da titi guda ɗaya, tun kafin a dawo da hedkwatar ƙasa daga Ikko ran 12 ga watan Disamba, 1991. A kan wannan titi ɗaya jirgin Shugaban Ƙasa da na baƙin sarakuna da na soja da na kaya da na talakawa duk suke sauka suna tashi. Filin da ke da titi ɗaya ba shi da inda zai karkata jirage in za a yi gyara, sai dai a datse wani sashe ana aiki ana sauka, abin da ya haifi haɗarin 2013 ke nan, ko kuwa a rufe gaba ɗaya. Haka aka yi daga ran 8 ga watan Maris zuwa 18 ga watan Afrilu, 2017, aka mai da jirage Kaduna har mako shida, manyan kamfanonin Turai suka ƙi zuwa can. A watan Mayu na 2023 tayar jirgin Max Air ta fashe wajen sauka, a watan Disamba na 2024 kuma jirgin kaya na Allied Air ya zame ya bar titi, kowane karo sai da zirga-zirgar babban birnin ƙasa ta tsaya cik. Maganar titi na biyu kuwa ta tsufa. An ba da kwangilarsa a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka soke saboda ƙorafin tsadar kuɗin, sa'an nan aka sake bayarwa a 2022 ga kamfanin CCECC na ƙasar Sin.

Sai kuma halin mutanen da ke zaune a hasumiya. Aikinsu na sa ido ne da kasa kunne ba ƙyaftawa, mutum ɗaya yana riƙe da jirage da yawa a kansa, kowanne da tsayinsa da gudunsa da lambarsa. Ƙungiyarsu, NATCA, ta daɗe tana kukan ƙarancin ma'aikata da tsufan na'urori da raunin rediyo a wasu sassan sararin sama. A watan Nuwamba na 2021 wani jami'i ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki a filin Abuja, ya rasu, har abokan aikinsa suka rage yawan jiragen da suke sallama don nuna ɓacin rai. Gajiyayyen kunne ba ya kama kuskure. Duk wanda ke neman a kama jami'in hasumiya da laifi in an yi haɗari, ya fara tambayar sa'a nawa ya yi a zaune, da irin rediyon da aka ba shi.

Saboda haka ga abin da ya wajaba a kan hukuma.

Na farko, duk ranar da za a taɓa titi, ko da taku goma ne, kada a fara aiki sai an tabbata labarin ya bi ta kowace ƙofa: sanarwa a rubuce, da muryar da ake naɗawa, da bakin jami'in hasumiya tun jirgi yana nesa, da alamu a ƙasa, da kashe fitilun sashen da aka rufe. A sa mutum ɗaya sananne wanda zai sa hannu cewa an yi duka biyar. Aikin da aka ce na kowa ne, ba na kowa ba ne.

Na biyu, a tsananta ƙa'idar maimaita umarni. In labari ya shafi tsawon titi ko izinin shiga ko tsallaka shi, kada jami'i ya karɓi amsar “na ji” kawai, sai matuƙi ya faɗi adadin da bakinsa. Tun 2008 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta shar'anta wa matuƙa da jami'an hasumiya masu hulɗa da jiragen ƙasashen waje su kai mataki na huɗu cikin shida a Turancin aiki. Wajibi ne NCAA ta riƙa gwada wannan da gaske, musamman ga baƙin matuƙa da ke zuwa da jiragen haya, waɗanda ba su saba da harshen mutanen nan ba, ba su kuma san Asaba da Abuja ba sai a takarda. Direbobin motocin da ke shiga titi da oba-oba a hannu su ma a ɗora musu wannan ƙa'ida.

Na uku, a ɗauki isassun jami'ai, a horar da su a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda tun 1964 take wannan aiki, a kuma tsare musu lokacin hutu kamar yadda ake tsare wa matuƙa. Kuɗin da NAMA ke karɓa daga kamfanonin jirage a fara zuba shi a rediyo da na'urar hango jirage da wutar da ba ta ɗaukewa, kafin a yi maganar ƙawata ɗakunan manyan baƙi.

Na huɗu, Gwamnatin Tarayya ta ɗauki titi na biyu na Abuja a matsayin aikin ceton rai. Majalisar Tarayya ta riƙa neman bayanin inda aka kwana a bainar jama'a, da abin da aka kashe, da ranar gamawa. Mutanen ƙauyukan da aka karɓi gonakinsu, irin su Jiwa, a cika musu duk alkawarin da aka yi. Shinge kuma a kewaye kowane fili da shi, gama a watan Yuli na 2005 jirgin Air France ya faɗa cikin garken shanu a kan titin Fatakwal, laifin kuwa na rashin shinge ne.

Na biyar, rahoton bincike ba na ajiyewa a kabad ba ne. NSIB ta riƙa bayyana wa jama'a shawarwarin da ta bayar, da hukumar da ta aiwatar, da wadda ta yi kunnen ƙashi. Jami'i ko matuƙin da ya kawo rahoton kuskurensa da kansa, wanda bai kai ga haɗari ba, a saurare shi a gyara, kada a kore shi. In ana hukunta mai faɗin gaskiya, sauran za su yi shiru, kuskure kuwa ya ci gaba da girma a ɓoye har ranar da zai fito da gawa.

Matafiya su ma suna da nasu kaso. An sha ganin fasinjoji sun taso wa ma'aikata da zagi don an ce jirgi zai jinkirta saboda hadari ko ƙurar hunturu, wani babban mutum ma har ya aika a gaya wa matuƙi yana da taro. Haƙƙin matafiyi ne a gaya masa gaskiyar dalilin jinkiri, a kuma biya shi abin da doka ta tanada in laifin kamfani ne, ya nemi wannan haƙƙi ba tare da jin kunya ba. Amma matuƙin da ya ce zai jira iska ta lafa ya cancanci godiya. Waɗanda ke cikin jirgin da ya dakata a Abuja ran 29 ga watan Oktoba, 2006, sun makara, amma sun kwana a duniya.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan gaskiya ce da kowane mai imani ya sani. Amma tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba, kuma ba a taɓa karɓar ƙaddara a matsayin uzurin wanda aka ba amana ya yi sakaci ba. An yi wa filin Abuja gargaɗi a 2013 ba tare da an zubar da jini ba. Irin wannan rangwame ba kullum ake samunsa ba. Hukumomin da abin ya shafa su tashi su rufe gibin tun da sauran lokaci. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.